Buƙatar Ma'adana Wajen Sa Ido Kan Hanyoyin Sadarwar Kwamfuta Daga Nesa

Gabatarwa

Tsarin RMON, wanda hukumar IETF ta fara fitar da ƙa'idarsa a shekarar 1991 ta kuma sabunta ta a 1995 da 2000, yana bai wa na'urar da ke rarraba saƙonni tsakanin kwamfutoci damar tattara bayanan zirga-zirga da kanta, ta adana su har sai mai kula ya nema ta hanyar SNMP. Amfanin hakan shi ne ko da layi ya katse tsakanin na'urar da cibiyar kulawa, ƙidaya ba ta tsayawa. Sai dai duk abin da aka tattara yana zaune ne a ma'adanar wucin-gadi ta na'urar, wadda ita ce kuma take ɗauke da ainihin aikin rarrabawar.

Rukunonin da Nauyinsu

Ƙa'idar ta tanadi rukunoni 9 ga hanyar Ethernet, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Rukunin ƙididdiga yana da sauƙi, domin jeri ɗaya na alƙaluma yake riƙewa ga kowace mashiga. Rukunin tarihi kuwa yana ajiye samfura 50 idan ba a sauya adadin ba. Ɗaukar samfuri duk bayan daƙiƙa 30 yana ba da tarihin minti 25, duk bayan minti 30 kuma na awa 25. Na'ura mai mashiga 48 da aka kunna wa duka biyun za ta riƙe samfura 4,800.

Nauyi ya fi tsanani a rukunin da ke lissafa wace kwamfuta ta yi magana da wace. Kwamfutoci 200 na iya haifar da layuka 39,800, wato 200 sau 199, tun da kowace fuska ta zance lissafinta daban. Haka nan rukunin da ke kwafe saƙonni: megabayit ɗaya ba ya ɗaukar fiye da cikakkun ƙunshi 690 masu bayit 1,518, amma idan bayit 100 na farko kaɗai aka yanka, zai ɗauki kusan 10,000.

Idan Wuri Ya Ƙare

Ƙa'idar ta bambanta adadin samfuran da aka nema da adadin da na'ura ta amince ta bayar. Saboda haka mai kula zai iya neman 50 a ba shi ƙasa da haka, ya kuwa ci gaba da zaton tarihinsa cikakke ne. A teburin kwamfutoci ma, na'ura tana iya share layukan da suka fi daɗewa ba a taɓa su ba don ta samu gurbi.

Kammalawa

Wannan ne ya sa na'urori da yawa suka tsaya ga rukunoni 4: ƙididdiga, tarihi, faɗakarwa da aukuwa, aka bar sauran ga na'urar sa ido ta musamman. Abin da ya wajaba ga mai kula shi ne ya lissafa mashigai da samfura kafin kunnawa, sannan ya duba abin da aka ba shi, ba abin da ya nema ba.