Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Me Jiyyar Ayyukan Yau da Kullum Za Ta Iya Yi Masa?

A shekarar 1902 wani likitan yara mai suna George Still ya tsaya gaban takwarorinsa a birnin Landan ya ba su labarin yara 43 da ya duba. Da yawansu ba su da raunin basira, amma ba sa iya tsayar da hankali kan abu guda, ba sa iya danne abin da zuciya ta raya musu, horo kuma ba ya kama su. Still ya ɗauki abin a matsayin rauni wajen kame kai, sai dai ya lura cewa wasu daga cikin yaran sun tashi ne a gidajen da ba a yi sakaci da tarbiyyarsu ba. Wannan ya sa ya yi zargin cewa tushen abin yana cikin halittar yaron.

Irin waɗannan yara muna da su, kuma mun daɗe da raɗa musu suna: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, mai rawar kai, sangartacce. Idan abin ya yi tsanani sai a fara maganar iska. Magani kuwa sananne ne, bulala, tare da tuna wa juna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar gaskiya ce, amma tana buƙatar mai tanƙwarawa ya fara sanin irin iccen da ke hannunsa.

Likitoci suna kiran wannan larura ADHD, wato ƙarancin maida hankali da yawan motsi, sunan da ya zauna a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987. Ba kowane mai ƙiriniya ke da ita ba. Bisa bugun 2013 na wannan kundi, sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, an gan su a wurare biyu ko fiye kamar gida da makaranta, kuma suna kawo wa yaron cikas na zahiri. Wani babban nazari da ya tattara bincike daga nahiyoyi daban-daban a 2007 ya ƙiyasta cewa kusan yara biyar cikin ɗari suna da ita. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin ɗari. Shi ya sa sau da yawa uban da ke faɗa a kan mantuwar ɗansa, shi ma kullum cigiyar makullin babur yake yi. Akwai kuma nau'in da ba ya hayaniya, wanda aka fi gani a 'yan mata: yarinya tana zaune shiru a aji hankalinta yana wata duniya, a aike ta sayo abu uku ta dawo da ɗaya. Ita ba a ce mata mai ƙiriniya, shashasha ake ce mata, kuma takan girma ba wanda ya gano damuwarta.

Akwai wata matsala da ke yawan tafiya tare da ADHD, ko da yake kowacce zaman kanta take yi, ita ce bambancin yadda ƙwaƙwalwa ke tace saƙonnin da jiki ke aiko mata. Wadda ta fara zurfafa bincike a kai ita ce Jean Ayres, masaniyar jiyya a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ta wallafa littafinta na farko kan batun a 1972, ta rasu a 1988. Ayres ta ja hankali kan kafofin ji da ba a cika lissafawa ba. Bayan gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓi, akwai na'urar daidaito da ke can cikin kunne, mai shaida wa mutum ko yana tsaye, ko ya karkata, ko yana juyawa. Akwai kuma saƙon da tsoka da gaɓoɓi ke aikawa, wanda da shi kake kai loma baki cikin duhu ba tare da ka ɓata hanya ba. Daga baya masana suka ƙara mai da hankali kan saƙon cikin jiki: yunwa, ƙishirwa, cikar mara, bugun zuciya.

A 1997 Winnie Dunn ta fito da wani tsari da ya sauƙaƙa fahimtar abin. Ta ce mutane sun bambanta a kan yawan saƙon da ƙwaƙwalwarsu ke buƙata kafin ta ankara, sun kuma bambanta a kan abin da suke yi game da shi. Wani saƙo kaɗan ya ishe shi, sai ya guje masa ko ya zauna yana shan azaba. Wani kuwa sai saƙon ya yi ƙarfi yake ji, don haka ko dai ya tashi nemansa da tsalle da hawa katanga da taune bakin riga, ko ya zauna sororo a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba.

A duba yaro ɗan shekara shida a shagon aski. Tun kafin injin ya taɓa shi ya sa hannu ya toshe kunnuwa. Da ƙarar ta matso bayan kunnensa sai ya ƙame, gashin da ke zuba cikin wuyan rigarsa yana sukarsa, zanen da aka ɗaure masa yana shaƙe shi, janareta na ruri a waje, mutum biyu sun danne masa kafaɗa. Ya ƙwalla ƙara, ya yi shure-shure, uban ya ji kunya ya kai masa rankwashi. Haka yarinyar da ranar kitso ta zame mata ranar kuka, da yaron da ya ƙi sa sabuwar shadda mai sitaci ranar sallah, da wanda ba ya cin duk abin da ke da yauƙi. Waɗannan yara ba ƙarya suke yi ba. Abin da wasu ke ji kaɗan, su da ƙarfi yake iso musu, kuma yaron da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen jure rigar da ke jikinsa ba shi da sauran da zai saurari malami da shi.

A nan ne jiyyar ayyukan yau da kullum ke shigowa. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a 1917 a garin Clifton Springs na jihar New York, tarayyarsu ta duniya kuma a 1952. Mutane kan haɗa su da masu gashin ƙashi, alhali aikin ya bambanta. Mai gashin ƙashi ya fi kula da ƙarfin gaɓa da motsinta. Mai jiyyar ayyuka tambayarsa ita ce: me wannan mutumin yake so ko yake buƙatar yi a wuninsa, me kuma ya tare masa hanya? Aikin yaro shi ne wasa, karatu, sa kaya, cin abinci, barci, da zama da 'yan'uwa lafiya.

Saboda haka ƙwararren mai jiyya kan fara ne da bin wunin yaron daki-daki. Ƙarfe nawa yake kwanciya? Wa ke tashinsa? A ina rikicin safe ke ɓarkewa, wajen wanka ne ko wajen neman takalmi? A aji ina yake zama? Daga nan sai ya duba wurare uku da za a iya taɓawa: yaron, aikin, da muhallin. Sau da yawa gyaran aikin da muhallin ya fi saurin haifar da ɗa mai ido. Masanin ADHD Russell Barkley ya daɗe yana nanata cewa masu wannan larura sun san abin da ya kamata, aiwatar da shi a lokacinsa ne ke gagararsu, don haka taimako ya kamata ya same su a daidai wurin da aikin yake. Wa'azin dare ba ya tuna wa yaro jakarsa da safe. Abin da ke tuna masa shi ne takarda mai zanen abubuwa biyar manne a ƙofar ɗaki, wanka, riga, karin kumallo, takalmi, jaka, da ƙusa guda a bango wadda jakar ba ta kwana ko'ina sai a kanta. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, bayan an dafa kafaɗarsa ya ɗago. Aikin gida na minti talatin a yanka shi uku, a sa agogon waya inda zai ga lokacin yana tafiya. Shi kuwa yaron shagon aski, a kai shi da sassafe kafin cunkoso, a bar shi ya riƙe injin a kashe, sannan a kunne, ya ji shi a bayan hannunsa, ko a koma almakashi na ɗan lokaci.

Akwai kuma hanyoyin koya wa yaro dabara. Helene Polatajko da Angela Mandich a Kanada sun tsara wata hanya mai matakai huɗu: mene ne burina, yaya zan yi, in yi, in duba ko ya yiwu. An fara ta ne don yara masu matsalar sarrafa gaɓoɓi, daga baya aka gwada ta a kan wasu. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne yaron ne ke zaɓar burin, ko ɗaure igiyar takalmi ne ko hawan keke, mai jiyya kuma ba ya ba shi amsa, tambaya yake yi har yaron ya gano da kansa. Yaron da ya saba jin “ba ka iya komai ba” yana buƙatar ya ga dabarar da ta fito daga kansa ta yi aiki.

Batun motsi ya cancanci a tsaya a kansa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tsakiyar Fulorida, aka wallafa a 2015, ya gano cewa yara maza masu ADHD sun fi yin ƙoƙari a aikin da ke buƙatar riƙe abu a ka lokacin da suke motsi, saɓanin takwarorinsu. Ke nan yaron da ke jijjiga ƙafa yana iya kasancewa yana farkar da ƙwaƙwalwarsa ne, kuma hana shi fita tara a matsayin horo ƙara dagula lamarin ne. Masu jiyya kan ba da shawarar aiki mai nauyi da ke sa tsoka ja da turawa, domin yara da yawa kan natsu bayansa. Mu ba sai mun sayi kayan waje ba: jan guga, daka, tura baro, share tsakar gida, goge allo, ɗauko littattafai daga ofis. Sharaɗin shi ne aikin ya dace da shekarunsa, a ba shi kafin zaman karatu, kuma kada ya ji kamar hukunci ne.

Sai dai dole a faɗi inda hujja ta tsaya, domin kasuwa ta shiga wannan fage. Ba a sanya matsalar tace saƙonnin jiki a matsayin cuta mai zaman kanta a kundin 2013 ba, an dai ambace ta cikin alamun otizim. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce binciken da ke goyon bayan jiyyar da aka gina kan kafofin ji bai yi ƙwari ba, ta shawarci iyaye su gwada na wani ƙayyadadden lokaci su ga ko akwai canji. Riguna masu nauyi da ake sa wa yara ba su nuna amfani tabbatacce ba. Ɗan abin wasan nan da ake juyawa tsakanin yatsu, wanda ya cika hannun yara a 2017, da aka gwada shi a aji kan yara masu ADHD sai aka ga ya ƙara raba musu hankali. A 2008 kuma wani yaro ɗan shekara tara ya rasu a wata makaranta a lardin Kebek na Kanada bayan an naɗe shi cikin bargo mai nauyi. A ganina darajar wannan sana'a tana cikin idon mai jiyya da iya lura da shi. Duk wanda ya fara da jerin kayan da za ka saya kafin ya tambayi yadda yaronka ke kwana da tashi, ka yi hattara da shi. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a sa buri da za a iya gani, kamar yaro ya shirya kansa da safe ba kuka, a ba shi 'yan makonni, in ba canji a sauya hanya.

Jiyyar ayyuka kuma ba ta maye gurbin likita. Babban gwajin da aka yi a Amurka da Kanada kan yara 579, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa magani da ake bibiya da kyau, shi kaɗai ko tare da horon ɗabi'a, ya fi rage ainihin alamun ADHD cikin wata 14. Ga yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar kuwa, likitocin yara na Amurka sun ce a fara da horar da iyaye. Magani kan buɗe ƙofar natsuwa, amma koyon tsara jaka da rubutu da jiran layi sai an koyar.

Manya ma suna ciki, kusan biyu zuwa uku cikin ɗari. Tela da ke karɓar ɗinki ya manta ranar alkawari, ɗaliba da ba ta iya fara karatu sai daren jarrabawa, ma'aikacin da surutun ofis ke hana shi kammala takarda ɗaya. Tambayoyin dai su ne waɗancan, sai dai buri ya koma na sana'a da aure da riƙon kuɗi.

A Najeriya sana'ar tana ƙarƙashin hukumar rajistar masu jiyyar farfaɗo da nakasassu da aka kafa a 1988, akwai kuma makarantar tarayya da ke horar da su a Oshodi ta Legas. Amma masu aikin kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane da asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Ke nan kaso mai yawa na aikin zai faɗa ne a hannun uwa da malamin aji da malamin Islamiyya. Kafin kuma a laƙaba wa yaro ADHD, a fara duba abubuwan da ke kama da ita: raunin ji ko gani, ƙarancin jini, rashin isasshen barci, yunwa, tashin hankali a gida, da wata irin farfaɗiya da ke sa yaro ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ba tare da faɗuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan bar rauni wajen maida hankali, haka ma gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, waɗanda suka tsira kuma suna buƙatar a ci gaba da sa musu ido.

Iyayen da za su je asibiti, abin da zai fi taimaka wa likita da mai jiyya shi ne ɗan littafi da aka rubuta abin da aka gani na mako biyu: lokacin kwanciya da tashi, abin da ya faru daf da kowane rikici, wurin da ya faru, da abin da ya kwantar da shi. A haɗa da 'yar takarda daga malamin aji da na Islamiyya, a kuma rubuta lokutan da yaron ya natsu da kansa da abin da yake yi a lokacin, domin daga nan mai jiyya yakan fara.