Rumbu na biyu ga na'ura mai ƙwaƙwalwa

A shekara ta 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko, mai girman firji biyu, wanda bai ɗauki fiye da harafi miliyan 5 ba. Yau ɗan akwatin da ke shiga aljihun riga yana ɗaukar tera 1, wato kayan disket kusan 700.000. Shi ne masu gyara ke kira disk dur na waje.

Idan ordinata ta cika da takardun biro, rasiɗai da hotuna har ta yi nauyi, sai a jona shi ta ƙofar USB, a kwashe tsofaffin takardu zuwa cikinsa. Mai saye kada ya zaci an cuce shi idan Windows ta nuna masa jiga 931: kamfani da 1.000 yake lissafi, Windows kuwa da 1.024.

Sai dai wannan rumbu ba ya jure wulaƙanci. Faifan da ke cikin yawancinsu yana juyawa sau 5.400 a minti ɗaya. Faɗuwa daga tebur, ko fizge waya ana cikin kwafi, na iya salwantar da aikin shekaru. Takardar da aka kwashe, aka kuma goge daga ordinata, kwafi ɗaya tak ta rage.

Saboda haka lissafin bashin ɗan kasuwa da muhimman takardun ma'aikaci suna bukatar kwafi biyu, ɗaya nesa da wurin aiki. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai a 1982 sun san dalili.