Tsara Jerin Kalmomin Hausa da Harshen Python

Python harshe ne na ba kwamfuta umurni, wanda Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991. A cikinsa ana iya tara kalmomi a jeri guda, kamar haka:

kalmomi = ["ƙasa", "zane", "ɓera", "baka"]

Kowace kalma tana da lambar gurbinta, kuma ƙidayar daga 0 take farawa. Don haka kalmomi[0] ita ce "ƙasa". Umurnin len yana ba da adadin kalmomin, wato 4, append kuwa yana ƙara sabuwa a ƙarshe.

Wajen tsarawa ne gizo ke saƙa. Idan aka yi amfani da sorted, sakamakon shi ne: baka, zane, ƙasa, ɓera. Dalili kuwa, lambar harafi a tsarin Unicode kwamfuta take dubawa: z tana da 122, ƙ 409, ɓ 595. Alhali a ƙamus, ɓ tana biye da b, ƙ tana biye da k. Saboda haka, wajibi ne malami ya rubuta jerin haruffan Hausa da kansa, ya bi ta key ya sa sorted ta kiyaye shi. In ba haka ba, ɗalibai za su haddace gurɓataccen tsari.