Dalilin da Ya Sa Tsohon Barkwanci Ba Ya Tsufa

A shekarar 1974 Jean Rouch ya fitar da fim ɗin "Cocorico Monsieur Poulet" tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane. Labarin wasu mutum uku ne da suka fita daga Yamai cikin wata tsohuwar mota ƙirar Citroën, suka nufi ƙauyuka sayen kaji. Da suka iso bakin kogin Kwara, sai suka wargaza motar, suka haye da ita gunduwa-gunduwa. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yau mai kallo ba ya iya riƙe dariya. Me ya sa?

Masu nazarin raha sun ce tushen dariya shi ne saɓa wa zato: hankali ya shirya wa abu guda, sai wani daban ya faɗo. Wannan saɓanin yana da matakai uku, kuma ba tsawon rai ɗaya gare su ba.

Na farko shi ne na jiki da aiki. Motar da aka ɗauka maimakon ta ɗauki mutane, ko Charlie Chaplin yana dafa takalminsa yana ci cikin natsuwa a "The Gold Rush" na 1925, duk ba su buƙatar tafinta. Wanda ya san yunwa ko lalacewar mota a hanyar Tawa zai gane.

Na biyu shi ne na tsarin harshe. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya gina wasansa bisa Hausar barikin soja, yana surka ta da Turanci. Abin dariyar yana cikin karya ƙa'idar jinsi da karin sauti, kuma muddin mai sauraro yana ɗauke da ƙa'idar a kansa, zai ji karyewarta. Shi ya sa wasan yake daɗewa gwargwadon daɗewar nahawu.

Na uku shi ne na yayi: farashin kaya, sunan wani ɗan siyasa, karin maganar shekarar. Wannan shi ne mai saurin mutuwa. Ko a finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, irin wannan sashen ne matasa ke kallo shiru.

Mataki na biyu yana da haɗari a gari irin Agadas, inda Hausa ke zama kafaɗa da kafaɗa da Tamajak. Kwaikwayon lafazin wani yana zama wasa ne idan akwai damar ramuwa, kamar yadda yake a wasan barkwanci tsakanin ƙabilun Nijar, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014. Idan ɓangare ɗaya kaɗai ke dariya, ya koma gori.

Ga ɗalibin harshe kuwa, waɗannan finafinai taska ce ta maganar baka, domin Damouré da abokansa ba rubutacciyar hira suka haddace ba. Ya kamata mu rubuce irin wannan magana, mu nazarce ta, tun kafin tsofaffin kaset-kaset su lalace.