Zafin da ke Fitowa Daga Daɓe: Bayani ga 'Yan'uwanmu Masu Haya a Turai

Sanin kowa ne cewa idan hunturu ya sauko daga Dapaong a watan Disamba, ya biyo babbar hanya ta Sokode har Sotubuwa, abin da gida yake nema bai wuce bargo da man kaɗanya da kaskon wuta na asuba ba, kafin hantsi kuwa rana ta kore shi. To amma akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu da neman ilimi ko neman abinci ya kai Jamus da Faransa da Beljiyam, inda sanyi yake share wata biyar ko shida bai ɗaga ba, kuma da kuɗi ake yaƙarsa. Da yawa daga cikin sababbin gidajen haya na can ba su da ƙarfen ɗumama ɗaki da aka saba gani a jikin bango. Daga ƙarƙashin daɓe zafin yake fitowa. Faransawa suna kiransa plancher chauffant, Jamusawa kuma Fussbodenheizung. Mun ga ya dace mu yi bayaninsa a wannan fitowa, domin iyalai su karanta, su kuma aika wa nasu da ke can.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Duk wanda ya san gadon ƙasa, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin tsofaffi da masu jego, ya riga ya san rabin karatun. Mutanen Koriya ma sun daɗe suna ɗumama ɗakunansu ta haka, suna ce masa ondol. Halin gadon ƙasa shi ne ba ya ɗaukar zafi da wuri, idan ya ɗauka kuma ba ya saki da wuri, ko da garwashin ya mutu. Haka daɓen Turai yake. An shimfiɗa siraran bututu an zuba musu sumunti, ruwa mai ɗumi na digiri 30 zuwa 40 yana zagayawa a ciki, ko kuma a wasu gidajen wayar lantarki ce. Sai sumuntin ya sha zafi tukuna ɗaki yake samu, kuma wannan yakan ci awoyi, a farkon sanyi ma har yini da kwana.

Kada mai karatu ya zaci zai taka daɓen ya ji kamar yashin Dapaong da azahar. Tun 1978 dokar Faransa ta hana zafin fuskar daɓe ya wuce digiri 28, wato ƙasa da zafin jikin mutum. Iyakar abin da ƙafa za ta ji shi ne tayil ɗin ba ya cizo. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa abin ya lalace, alhali yana kan aikinsa.

Babban ruɗanin yana wajen 'yar na'urar da ke manne a bango, wadda ake kira tarmosta. Mu mun saba da murhun gas: idan kana sauri, ka murɗa wuta ta ƙaru. Tarmosta ba haka take ba. Aikinta biyu ne kacal, ta buɗe wa ruwa hanya idan ɗaki bai kai lambar da aka sa mata ba, ta rufe idan ya kai. Wanda ya shigo yana rawar ɗari ya murɗa ta zuwa 30 bai ƙara wa daɓen sauri ko kaɗan ba. Abin da ya yi shi ne ya hana ta rufewa a kan kari, sai can tsakar dare ɗaki ya zama tanda, a buɗe taga, a kashe na'urar gaba ɗaya, gari ya waye da sanyi, a sake murɗawa. Haka za a yi ta yi har bazara, kuɗi na fita ta taga.

Shawararmu ita ce a sa ta a 19 ko 20, a ƙyale ta yini guda cur. Idan bai isa ba a ƙara digiri ɗaya, a sake jira. A ƙiyasin hukumar ADEME ta Faransa, rage digiri ɗaya yana rage kusan kashi 7 cikin ɗari na makamashin ɗumama gida, don haka ƙarin ma ba kyauta ba ne. Idan na'urar mai agogo ce, a tuna da nawar daɓe: mai son ɗumi lokacin alwalar asuba sai ya sa ta fara aiki awa biyu ko uku kafin nan. Da dare kuma kada a rage fiye da digiri ɗaya ko biyu. Wanda zai taho gida Togo cikin sanyi kada ya kashe ɗungurungum, ya mayar da ita kan alamar ƙanƙara, wadda ake rubuta wa hors gel, domin kada ruwa ya daskare ya fasa bututu.

Sai kuma al'adarmu ta zaman ƙasa. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa yara suke karatu, kuma uwargida ba ta ganin ɗaki ya cika sai an shimfiɗe shi da darduma mai kauri daga bango zuwa bango. Wannan darduma bargo ce aka lulluɓa wa murhu: zafin yana tsayawa a ƙarƙashinta, ɗaki ya ƙi ɗumi, na'ura ta yi ta aiki. Katifar da aka jefa kai tsaye a daɓe ta fi muni, musamman inda wayar lantarki ce, domin zafin da ya taru yana iya lalata wayar. Sallaya ba ta da laifi, tunda naɗe ta ake yi. Amma buhun shinkafa, da doyar da aka sha wahala aka samo a shagon 'yan Afirka, da manja, da magani, a ɗora su a kan wani abu. Ƙusa kuwa ko ɗaya kada a kafa a daɓen, don ba a san inda bututu ya bi ba.

Idan ɗaki guda ya ƙi ɗumi bayan yini, a fara da abu mai sauƙi. Tarmostar da ba ta da waya da batir take aiki, kuma mutuwar batir ita ce ta fi yawa. A duba ko alamar wuta ta fito a fuskarta, ko an bar ta a tsarin rani, ko wani maƙunni ya faɗi a akwatin lantarki. Bayan haka akwai wata 'yar ƙofa a bangon lungu ko banɗaki, inda bututun dukan ɗakuna suke haɗuwa. Kowane bututu yana da ɗan murfi mai aiki da lantarki, wanda yake ɗaukar 'yan mintoci kafin ya buɗe, sau da yawa kuma da 'yar kwalba mai nuna gudun ruwa. A duba da ido, a taɓa a ji wane bututu ne ya yi ɗumi, amma kada a murɗa komai, domin ma'aikaci ne ya daidaita rabon ruwan, kuma wanda ya buɗe wa ɗakinsa ya rage wa na yara. Yakan faru ma a haɗa wayoyi a juye tun wajen gini, tarmostar falo ta riƙa ɗumama ɗakin kwana. Ana gane wannan idan aka ɗaga guda ɗaya kawai aka rage sauran, aka ga inda zafin ya ɓulla.

Daga nan aikin ya koma hannun mai gida. A Faransa dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 ta ɗora masa samar da gida mai kyawun zama, ɗan haya kuma ƙananan gyare-gyare ne nasa, kamar batir. A rubuta zafin ɗakin safe da yamma tare da kwanan wata, a aika masa wasiƙa mai rajista, kada a tsaya ga waya. Kada kuma a daina biyan haya don fushi ba tare da shawarar masana ba. A Jamus akwai ƙungiyoyin 'yan haya da ake kira Mieterverein domin irin wannan. A tuna cewa a gidaje da yawa abin da ake biya na zafi duk wata kafin alƙalami ne, lissafin gaskiya sau ɗaya yake zuwa a shekara. Bayan tashin farashin gas na 2022 iyalai da dama sun ga cikon da ya girgiza su.

Abin da ya fi damunmu shi ne kaskon gawayi. Idan daɓe ya yi nawa, yara suna kuka, zuciya takan koma ga abin da aka saba da shi a Zongo. Ɗakunanmu na gida suna da kafofin shan iska, duk da haka gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ko a Sokode. Gidan Turai kuwa a toshe yake ruf. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, da ciwon kai da jiri da amai take farawa, sau da yawa mutanen gida duka lokaci ɗaya. Murhun gas da aka bari a kunne don ɗumi shi ma haka. Idan aka ga waɗannan alamu, a buɗe tagogi, a fitar da kowa waje, a kira lamba 112, wadda take aiki kyauta a dukan ƙasashen Tarayyar Turai.