Shofo mai aiki da rana ya daina ba da ruwan zafi? Ga inda ake fara dubawa

Da hunturu ya shigo a watan Disamba, daga Agadas zuwa Njamena da Marwa, lokacin ne ake tunawa da tankin da ke bisa rufin gida. Wasu su buɗe famfo da asuba su tarar da ruwa mai ɗumi-ɗumi ko mai sanyi ƙalau, nan take su ce na'urar ta mutu. Sau da yawa ba ta mutu ba. Irin wannan na'ura, wadda ake kira shofo a Nijar da Cadi, hita a Najeriya, ba baƙuwa ba ce a yankinmu: cibiyar ONERSOL, wadda Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranta a Yamai, ta ƙera irinta shekaru da dama da suka wuce. Yawancin na gidaje ba su da inji ko wani abu mai juyawa, shi ya sa abubuwan da ke lalata su ba su da yawa, kuma mai gida zai iya gano galibinsu da ido da tafin hannu.

Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi. Idan rana ta dafa shi cikin farantin, sai ya hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Duk aikin ke nan. Don haka dole tanki ya kasance sama da faranti, kuma tiyon ruwan zafi ya riƙa hawa ba tare da ya lanƙwasa ƙasa ba.

Ku hau rufin da tsakar rana, ku taɓa tiyo biyun a hankali. Idan na sama yana da zafi, na ƙasa kuma bai kai shi ba, ruwa yana zagayawa. Idan dukansu ɗumi-ɗumi ne, zafin rana ne ba ya shiga. Mai laifin farko a nan ƙura ce. A wanke gilashin da safe ko da yamma, ba lokacin da ya ɗau zafi ba, kuma a hunturu sau ɗaya a mako bai yi yawa ba. Sai inuwa. A Yamai, ranar tsakiyar Disamba tana karkata kudu, tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 53 ba, saboda haka bango ko bishiyar dogon yaro da ba su tare komai a watan Mayu suna iya rufe rabin farantin yanzu. Farantin ya fuskanci kudu, da karkata ta kimanin digiri 15.

Idan kuwa farantin ya yi zafi sosai amma tiyon da ke shiga tanki bai yi ba, ruwan ya tsaya. Ko iska ta maƙale a wata lanƙwasa, wanda yakan faru bayan an ɗauke ruwa tanki ya ƙone, ko kuma hanya ta toshe. Ta iska mai sauƙi ce: a gyara hawan tiyon, a sassauta mahaɗin sama har ruwa ya fito ba kumfa. Toshewa ita ce babbar matsala, musamman ga masu ruwan rijiyar burtsatse. Farin ɓawon nan da kuke gani a gindin butar shayi shi ne yake taruwa cikin ƙananan bututun farantin, kuma taruwarsa tana ƙaruwa idan zafin ruwa ya haura digiri 60. Yana rage faɗin hanya, yana kuma hana zafi ratsawa. Ana narkar da shi da binega ko garin tsamin da ake kira asid sitirik, sannan a ɗauraye sosai. Kada ku yarda a zuba ruwan batir: zai cinye ɓawon, ya cinye ƙarfen.

Na'urori masu dogayen kwalaben gilashi, waɗanda aka fi shigowa da su daga Sin, nasu gwajin daban ne. Kowace kwalba gilashi biyu ce, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Mai lafiya ba ta da zafi a waje ko da ruwan cikinta na tafasa, kuma gindinta yana ƙyalli kamar madubi. Wadda gindinta ya koma fari, jikinta kuma ya yi zafi, iska ta shige ta. A canza ita kaɗai tare da zoben robarta, ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Abin da ya fi fasa kwalaben nan shi ne sakin ruwan sanyi da rana tsaka bayan tanki ya ƙone, domin kwalbar da ba ruwa tana iya wuce digiri 200. Idan ruwa ya dawo da rana, a rufe famfon shiga sai dare ko asuba.

Akwai kuma mai cewa ruwansa da zafi da magariba amma da asuba ya huce. Wannan ya duba soson da aka naɗe tiyo da shi, wanda rana ke ƙonawa har ya ruɓe, ya kuma tabbatar tanki bai yi ƙasa-ƙasa da faranti ba, domin da dare ruwan yana iya juyawa baya ya huce cikin farantin. Famfon zafi mai ɗiga dare ɗungurungum shi ma yana zubar da abin da aka tara.

Idan an sa wa tankin ƙarfen lantarki na taimako, ku kashe shi kwana biyu kafin gwaji. Yana ɓoye lalacewa, sai takardar kuɗin wuta ce za ta tona.

Ɗigar da bawul ɗin tsaro ke yi lokacin da ruwa ya yi zafi aikinsa ne. Kada a toshe shi, haka ma ɗan tiyon shan iska da ke saman tankin masu kwalabe, domin tankin da aka toshe yana iya kumbura ya fashe. Bawul mai zuba dare da rana kam a canza shi. Ruwa mai launin tsatsa kuwa alama ce sandar magnesiyom da ke kare cikin tanki ta ƙare. Wannan, da duk abin da ya shafi waya da lantarki, a bar wa mai gyara, kuma a ce ya nuna muku tsohuwar sandar da ya cire.