Daga oba-oba zuwa wata nahiya: yadda intanet ke haɗa tashoshin masu rediyon sha'awa

Oba-oba irin wadda ake riƙewa a hannu ba ta da dogon zango. Ƙarfinta bai cika wuce wat 5 ba, kuma a cikin gari mai gine-gine murya kan tsaya bayan ƴan kilomitoci. Amma a yau mai irin wannan na'ura a Kanada yana iya latsa lambobi huɗu, muryarsa ta fito a Ostareliya. Ba ƙarfin rediyon ne ya ƙaru ba, intanet ce ta shiga tsakani.

Masu rediyon sha'awa mutane ne da hukuma ke bai wa lasisi su yi magana a wasu mitoci na musamman, ba don kasuwanci ba. Kowa da lambar kiransa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N. Don ƙara nisa, sukan kafa tashar maimaita murya a kan dutse ko dogon ƙarfe. Tashar tana karɓar magana a wata mita, ta sake watsa ta nan take a wata. A zangon 144 zuwa 146 megahaz, tazarar mitocin biyu kilohaz 600 ce. Da haka ake kaiwa gomman kilomitoci, daga nan kuma lanƙwasar ƙasa ta tare hanya.

A 1997 David Cameron, mai lamba VE7LTD a birnin Vancouver, ya fara tsarin IRLP. Dabarar mai sauƙi ce: a jona kwamfuta da tashar, ta mai da murya bayanan dijital, ta aika ta intanet zuwa wata tasha, can kuma a mai da ita murya a watsa. Kowace tasha da lambarta, ana kiranta da maɓallan rediyo kamar yadda ake buga waya. A 2002 Jonathan Taylor, mai lamba K1RFD a Amurka, ya fito da EchoLink, wanda ke barin mai lasisi ya shiga ta kwamfuta, daga baya har ta salula, bayan an tantance takardarsa. Wannan ya jawo gardamar da ba ta mutu ba: wasu tsofaffin hannu na ganin maganar da ta fara daga salula ba rediyo ba ce. Sai kuma AllStarLink, wanda aka gina a kan manhajar tarho ta Asterisk, kuma yana aiki a ƴar kwamfutar Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba.

Amfanin ya wuce hira. A lokacin guguwa, masu rediyo kan haɗu ta EchoLink da IRLP su tattara rahoton iska da ambaliya daga garuruwa, su miƙa wa tashar WX4NHC da ke cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka a Miami.

Sai dai a nan ne raunin yake. Da guguwar Maria ta afka wa Puerto Rico a Satumban 2017, kusan kashi 95 cikin 100 na eriyoyin salula sun daina aiki, lantarki ya ɗauke a tsibirin baki ɗaya. Masu rediyon da aka tura don taimaka wa Red Cross sun tafi ne da na'urorin gajeren zango, waɗanda ke tsallake teku ba tare da wata waya ba. Tashar da aka haɗa ta intanet, idan layi ya yanke, takan koma abin da take tun farko: muryar gari ɗaya.

Mutanen Nijar ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasar. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya yi rauni har a ƙasashen da ba su da teku, ciki har da Nijar. A ce akwai tasha a kan duwatsun Damagaram da wata a Maraɗi, tazarar sama da kilomita 200, an haɗa su ta layin kamfanin waya. Ranar da ambaliya ta ci hanya ta kuma tsinke wayar, ranar da aka fi buƙatarsu ke nan, kowace za ta rage ita kaɗai.

Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ba sa dogara ga kamfani kaɗai. A Jamus da Ostiriya sun gina HAMNET, hanyar bayanai tasu ta kansu da ke tsalle daga tsauni zuwa tsauni da ƙananan eriyoyi. A Amurka akwai makamancinsa, AREDN. Irin wannan na son kowace eriya ta hangi ƴar'uwarta, abin da ke nufin dogayen ƙarafa da yawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta kudancin Nijar. Wutar kuwa da sauƙi: farantin sola da batir sun isa riƙe ƙaramar tasha.

Kafin duk wannan akwai maganar izini. Rabon mitoci a Nijar yana hannun hukumar ARCEP, kuma a halin tsaron da ake ciki, kunna na'urar watsa murya ba takarda na iya kai mutum gaban jami'ai. Ƙa'idar wannan fanni a duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo, don haka duk abin da aka faɗa a tashar, kowa mai rediyo yana ji, har da hukuma.